Abin da Malaman Agege Suka Koya Mini a Ajin Nahawun Turanci

Shekara biyu ke nan da nake zama da wasu malaman harshe kowace Asabar a wani aji na makarantar Islamiyya da ke Agege, daga hantsi har zuwa kiran sallar azahar. Iyayen yara ne suka nemi a kafa zaman, domin sun lura 'ya'yansu suna haddace Alƙur'ani, suna ƙoƙari a lissafi, amma idan sakamakon WAEC ko NECO ya fito sai a tarar Turanci ne ya kayar da su, alhali kuwa sai da kiredit a Turanci ake samun gurbin karatu a jami'a. Malaman su 12 ne. Wasu Larabci suke koyarwa, wasu Hausa, wasu kuma an ɗora musu Turancin firamare saboda babu wanda zai ɗauka. Akwai masu zuwa daga Idi-Araba da Mile 12, akwai kuma wanda yake baro Alaba Rago tun bayan sallar asuba, ya sha cunkoson motoci, don kada darasin farko ya wuce shi.

Na fara da hanyar da aka koyar da ni. Na rubuta rabe-raben kalmomin Turanci guda takwas a allo, na ba kowanne ma'anarsa da misalinsa, su kuma suka kwafe a littattafansu da kyakkyawan rubutu. Bayan mako uku na gwada su, kowa ya kawo ma'anonin daidai ba tare da kuskure ba. Da na ce kowa ya rubuta wa shugaban makarantarsa gajeriyar wasiƙar neman izini, sai na ga duk abin da muka yi bai shiga cikin rubutun ba ko kaɗan. Na koma gida ran nan zuciyata babu daɗi, domin mutanen nan sun sadaukar da ranar hutunsu da kuɗin motarsu, kuma na san laifin yana ga yadda na tsara darasin.

Wanda ya nuna mini hanya wani dattijo ne, malamin Larabci, wanda ya girme ni da fiye da shekara ashirin, kuma ba ya yawan magana a aji. Ina cikin bayanin ginin jimla sai ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, wannan da kake kira subject, ba shi ne fa'ili ba? Wanda ke bayan aikin kuma ai maf'uli ne.” Na ce, “Allah gafarta Malam, haka ne.” Ya yi shiru kaɗan yana duban allo, sannan ya gyara maganarsa da kansa, ya ce a jimla ta biyu da na rubuta, wadda babu wani aiki da aka aikata a cikinta, kalmar farko ta fi kama da mubtada'i, wato abin da ake magana a kansa, abin da ya biyo baya kuma habari ne, wato abin da aka faɗa game da shi. Wannan bawan Allah ya karanci Ajuruma tun yana matashi, littafin nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, wanda ya kasa magana gida uku: suna da aiki da harafi. Ya yi shekaru yana yi wa ayoyi da baitoci i'irabi, yana gane matsayin kowace kalma daga wasalin ƙarshenta. Mako uku na yi ina koya wa irin wannan mutum ma'anar suna kamar ɗan aji ɗaya, shi kuwa saboda kawaici bai taɓa nuna mini ba.

Daga ranar na sauya tsari. Kafin in kawo wata ƙa'idar Turanci, sai in tambaye su yadda ake faɗin abin da Hausa da kuma Larabci, mu rubuta jimlolin uku a jere, mu duba inda suka haɗu da inda suka rabu. Wannan ya tilasta mini komawa ga nahawun Hausa, wanda na tashi da shi a baki amma ban iya bayaninsa ba. A can na gano tushen mafi yawan kurakuran da nake gani a takardunsu da na ɗalibansu.

Babban al'amarin shi ne wurin da kowane harshe yake ajiye lokaci. Bahaushe yakan ce na rubuta wasiƙa, ina rubuta wasiƙa, zan rubuta wasiƙa, nakan rubuta wasiƙa. A duk jimlolin nan huɗu kalmar rubuta tana nan yadda take, abin da ke gabanta ne yake sauyawa. Masana nahawun Hausa suna kiran wannan ƙaramar kalma zagin aikatau, kuma sunan ya dace da ita, domin kamar yadda zagi yake tafiya gaban dokin sarki, haka take shiga gaban aikatau tana sanar da wanda ya yi aikin da lokacin da ya yi shi. Turanci kuwa a jikin aikatau ɗin kansa yake ɗora alamar: write, writes, wrote, written, writing. Yaron da ya rubuta “Yesterday I write a letter” bin tsarin harshensa ya yi, domin a tunaninsa ya riga ya faɗi lokaci tun da ya ce jiya, bai ga dalilin taɓa aikatau ba. Da malaman suka ga wannan a allo, wata malama da ke koyar da aji huɗu ta ce, “Wallahi Malam, shekara shida ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin wannan kuskure, ban taɓa sanin daga inda yake fitowa ba.” Daga nan haddar aikatau masu bauɗaɗɗen tsari, waɗanda suka kai kusan 200 a Turanci, ta zama aiki mai ma'ana a wurinsu, saboda sun fahimci abin da sauyin kalmar yake ɗauke da shi.

Zagin nan shi ne kuma yake haifar da “Audu he came”. A Hausa dole ne a ce Audu ya zo, ba a cewa Audu zo, don haka yaro yakan ji jimlar Turancin kamar ta yi giɓi idan bai cusa wakilin suna ba. Haka nan lokacin da muke kira shuɗaɗɗe a Hausa ya fi na Turanci faɗi. Na ci abinci yana iya zama “I ate”, yana iya zama “I have eaten”, sai yanayin magana ya bambance. Muna ma amfani da shi wajen faɗin halin da ake ciki yanzu, kamar na sani, na gaji, na gane, shi ya sa idan malami ya tambayi aji ko sun fahimta sai su amsa da “We understood”. Kalmar “ina da” kuwa, tun da tana ɗauke da “ina” irin ta aikin da ake cikin yi, ita ce take ƙarfafa “I am having two brothers”, wadda dama ta yi yawa a bakin mutanen ƙasar nan. Malaman Larabci nasu tuntuɓen daban ne: jimlar suna a Larabci ba ta buƙatar kalmar da za ta haɗa mubtada'i da habarinsa, saboda haka sukan mance da is da are. Dattijon nan ne ya gano wannan da kansa, ya kuma lura cewa ne da ce na Hausa sun fi kusa da Turanci a nan, sai dai su a ƙarshe suke zuwa.

Zaman Legas ya ƙara mana wani abu da ba lallai a same shi a Kano ko Sakkwato ba. Yaran da malaman nan suke koyarwa suna tashi da harsuna uku ko huɗu: Hausa a gida, Yarbanci a layi, Turancin buroka a kasuwa da cikin motocin haya na danfo, sannan Larabci a makarantar allo. Da farko malaman sun ɗauki buroka a matsayin abokin gaba, har wasu suna hukunta yaron da ya yi shi a aji. Ban yarda da wannan ba, kuma na gaya musu dalilina. Na rubuta “I don write, I dey write, I go write” a ƙarƙashin na rubuta, ina rubutawa, zan rubuta, suka ga cewa “don” da “dey” da “go” aikin zagi suke yi, aikatau kuma bai motsa ba. Buroka harshe ne mai ƙa'idarsa, kuma ƙa'idar ta yi kama da tamu. Abin da yaro yake buƙata shi ne a nuna masa cewa “I go write” a tasha yana nufin zan rubuta, amma a takardar jarrabawa ba a karɓarsa, sannan a ba shi wadda ake karɓa. Bulala ba ta koya masa wannan bambanci, sai dai ta sa ya daina buɗe baki gaba ɗaya. Wata malama mai 'yan Yarbawa a ajinta ta ƙara da cewa su he da she suke rikitawa, domin kalma ɗaya Yarbanci yake da ita ga namiji da mace, yayin da 'ya'yan Hausawa ba su da wannan matsala tun da sun saba da ya da ta. Su kalmar it ce take ba su wahala, saboda a wurinmu mota mace ce, gida namiji.

Akwai wuraren da kwatancen bai kai mu ko'ina ba. Kalmomin Turancin nan “a” da “the” har yanzu suna ba mu wuya. Na gwada danganta the da ɗafin da ke cikin yaron da motar, na danganta “a” da “wani” da “wata”, ya yi aiki a jimloli kaɗan sannan ya watse, domin Turanci yana sa su a wuraren da Hausa ba ta sa komai. Haka “in” da “on” da “at”, waɗanda sau da yawa kalmar “a” kaɗai take wakiltarsu a Hausa. Waɗannan sai yawan karatu da saurare, don haka na sa kowa ya riƙa zuwa da shafin jarida guda, muna zagaye su da fensir muna tattauna dalilin zuwan kowanne.

Na kuma ga haɗarin hanyar tawa lokacin da na ziyarci ajin ɗaya daga cikin matasan malaman. Ya yi bayani mai kyau ƙwarai da Hausa, ya kwatanta harsunan biyu yadda muka saba, amma aka tashi darasin minti arba'in babu yaron da ya furta jimlar Turanci ko ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa ta shekarar 1977 ta ba harshen uwa gurbi a shekarun farko na firamare, kuma ina goyon bayan haka da zuciya ɗaya, sai dai yaron da za a auna shi da rubuta insha'i da taƙaita labari dole ne bakinsa da hannunsa su saba da harshen. Muka zauna da shi bayan an tashi, muka amince cewa bayani da Hausa kada ya wuce minti goma, sauran lokacin yara su yi ta gina jimloli da kansu, a baki da a rubuce.

Malamar aji huɗu ta gayyace ni ajinta a zangon da ya wuce. Ta raba allo gida biyu, ta rubuta jiya a dama, kullum a hagu, ta ce kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da mahaifiyarsa take yi kullum da wanda ta yi jiya. Wata yarinya ta miƙe ta ce, “Yesterday my mother she cook rice.” Malamar ba ta ɗauki jan biro ba. Ta ce, “'Yata, a Turanci wa yake ɗaukar jiya, zagi ko aikatau?” Yarinyar ta dubi allo, ta motsa leɓɓanta tana maimaitawa a hankali, jirgin ƙasa ya wuce ta bayan makarantar har sai da aka jira ƙararsa ta lafa, sannan ta ce, “Yesterday my mother cooked rice.” Malamar ta sa ta rubuta jimlar a ɓangaren dama, ta kira na kusa da ita.