Tsohon kan sarki, sana'armu a Idi-Araba

Wanda ya leƙo shagonmu a Idi-Araba yakan ɗauka masu ɗaukar hoto ne mu, saboda firem-firem ɗin da ke rataye a bango. Sai ya matso ya ga ashe kan sarki ne a cikin gilashin. Shi muke saye, mu wanke, mu tantance, mu ɗaura masa firem ko mu jera shi a albam. Ba irin na manna wa wasiƙa ba, wannan kam gidan waya za ka je. Namu tsofaffi ne, galibi waɗanda gwamnati ta buga don tunawa da wata babbar rana ko don yaƙi da wata cuta, aka sayar na ɗan lokaci aka janye. Wanda ya rasa su a zamaninsu, sai dai ya neme su a hannun irinmu.

Na 'yancin kai aka fi tambaya. Guda huɗu aka fitar ranar 1 ga Oktoba 1960: na kwabo mai ginin majalisa, na taro mai mutum yana tuƙa kwalekwale, na sisi mai Kotun Ƙoli ta Tarayya, da na sule da taro mai kurciya da taswira. Amma in ɗan Arewa ne ya shigo, kafin in ɗauko masa waɗannan sai na fara nuna masa na watan Maris 1959, lokacin da Jihar Arewa ta samu mulkin kai, Sardauna yana Firimiya. Biyu ne kacal, na taro mai zauren majalisa na Lugard a Kaduna, na sule mai Babban Masallacin Kano. Yaran yanzu da yawa a wajenmu suke fara jin cewa an yi wani biki kafin na 1960. Daga nan sai in buɗe masa jerin 1961, wanda ƙasar ta yi amfani da shi yau da gobe bayan tafiyar Turawa. Gyaɗa tana kan na ɗari, wato rabin kwabo, ayarin raƙuma yana kan na sule da taro, filin jirgin saman Kano yana kan na sule goma, tashar jirgin ƙasa ta Legas da ke Iddo kuma ita ce a kan na fam guda. Wannan na fam ɗin ina son sa ƙwarai, don ta Iddo iyayenmu suka sauka garin nan da jakarsu da buta.

A daidai nan ne ciniki yake lalacewa. Mutum ya gama yaba kaya, ya ce ma sha Allah ya fi sau nawa, ka gaya masa kuɗi, sai ya kanne ido ya ce, "Haba Alhaji, ai ga shi nan taro aka rubuta a jiki." Nakan ce masa, "Ranka ya daɗe, kawo taron, in ka same shi." Wanda ya san abin ba ya wannan magana. Ya san ba takardar yake saye ba kawai, har da shekarun da ta yi a Legas ba ta ruɓe ba, kuma wannan ba da kanta ta yi ba.

A wajen kawuna na tashi da abin. Marubucin wasiƙa ne, yana da ɗan teburi da benci a gaban gidan waya a Agege, 'yan goro da masu shanu su ne abokan cinikinsa. Ya rubuta musu da boko ko da ajami, adireshi dai dole boko, in amsa ta zo kuma shi zai karanta. Mutum ya ji saƙonsa, ya ninke takarda ya sa a aljihu, ambulan ya bar wa Kawu. Shi ko ba ya zubarwa. Adaka guda ya cika da su, daga Kano, Sakkwato, Gusau, Nguru, har Kumasi da Makka. Aikina bayan makarantar allo shi ne in ware su gari-gari. Kawu tarawa ya iya, ilimin abin kuwa wajen wani dattijo Bayarabe na samu, tsohon akawun gidan waya da ya yi ritaya yake zuwa hira bencin. Baba muke ce masa, kuma Hausarsa ta fi ta wasunmu. Dokarsa ta farko, ba a taɓa kan sarki da yatsa, komai tsabtar hannu, don maiƙon jiki yana barin tabo wanda ba ya fitowa sai bayan shekaru. Da hantsaki mai faɗin baki ake ɗauka. Shi ya koya mini ɗaga takarda a haske in ga tambarin da ke cikin jikinta, kambi da haruffan CA a na zamanin Turawa, FN a na farkon 'yanci. Shi ya nuna mini ma'aunin haƙora, yadda ake ƙirga hujin gefe a tsawon santimita 2. Ya taɓa kawo mini na Sarauniya Biktoriya mai sunan Legas, irin wanda aka fara bugawa a 1874 tun Legas tana ƙarƙashin Ingila, ya bar ni na duba, bai bar ni na riƙe ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya saka wa Baba.

Wankin kan sarki ba wuya gare shi a ido ba. Ruwa mai tsabta, ba zafi, a kwano mai faɗi. Ka yanko shi da 'yar takardar da ke bayansa, ka sa ya yi iyo, ka ƙyale shi har ya saki da kansa. Ba a ja. Wanda ya ja, ya kwashe naman bayan, in an ɗaga a haske sai a ga wurin ya yi shara-shara, darajarsa ta tafi. Sannan a kife shi a takarda mai shan ruwa, in ya sha iska a danne shi a cikin littafi mai nauyi ya kwana. Gwaninta tana wajen sanin wanda ba a kai shi ruwa ko kusa. Tsofaffin Legas da na Arewacin Nijeriya masu ruwan shunayya da kore, da gangan aka buga su da tawada mai zuba, don kada wani ya wanke hatimin ya sake amfani da su. Ɗigo ɗaya ya ishe su. Haka wanda ke manne a jan ambulan, shi kaɗai ake jiƙa shi, in ba haka ba ya rina duk na cikin kwanon.

Babban abokin gabarmu laimar garin nan. Wanda ba a taɓa mannawa ba, da gam ɗinsa a baya, shi ya fi tsada kuma shi ya fi saurin mutuwa. Watan Yuni da Yuli, in ruwa ya kama ba ƙaƙƙautawa, gam ɗin yakan farka ya kama duk abin da ke kusa. Shafi guda sai ya zama dunƙule. Bayan haka sai tsatsa, ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa da ke farawa daga haƙora, kuma tana yaɗuwa daga wannan zuwa na kusa da shi. Don haka albam a wajenmu a tsaye yake, ba a kwantar da shi a ɗora wani a kai. Kabad ɗinmu ba ya jingina da bango. Ƙwayoyin nan masu shanye danshi muna canza su a kai a kai, ranar da rana ta fito kuma mu buɗe shafuka su sha iska a inuwa. Firem ɗinmu kan sarki ba ya taɓa gilashi, kowanne yana cikin 'yar rigarsa, bayan kuma a liƙe yake ruf. Ina gaya wa mai saye kada ya rataye inda rana ke bugawa, ja da rawaya su ne ke fara kodewa. In kayan Kano ko Katsina za su, shirin daban ne, don can hunturu ne ke nannaɗe takarda har gam ya tsage.

Zama kusa da asibitin koyarwa ya sa likitoci da nas-nas suka zama manyan abokan cinikinmu, kuma su suka sa na zurfafa a ɓangaren lafiya, wanda yanzu na fi alfahari da shi. Da aka koma naira da kwabo a 1973, sabon jerin da aka fitar yana da hoton asibitin nan nasu a kan na naira 2, mafi tsada a jerin, gadar Eko tana kan na naira 1, haɗa allurar rigakafi a kan na kwabo 20. Duk likitan da zai yi ritaya, abokan aikinsa wannan suke nema.

Akwai firem da na tsara da kaina, na cututtukan da aka kora. Agana ce a sama. A 1968, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta cika shekara 20, Nijeriya ta buga kan sarki mai nuna ana yi wa mutum lamba. Lokacin ana tsakiyar gangamin nan na allurar bindiga, gari-gari, kasuwa-kasuwa. A 1970 aka ga na ƙarshe a ƙasar nan, a 1978 aka sake buga wani jerin na murnar kawar da ita, a 1980 duniya ta tabbatar ta tafi. Dattijo in ya ga wannan layin, sau da yawa sai ka ga ya naɗe hannun riga yana nuna wa ɗansa tabon lambarsa. Ƙarƙashinta na sa na 1967 na yaƙi da bushiya, ciwon da ya sha ƙarar da garken Fulani, ita ma tun 2011 aka ce babu ita a duniya. Masu shanu na Agege in sun zo, nan idonsu yake tsayawa. Sai na shan inna na 1984, da yaro ana ba shi rigakafi. Wannan yaƙin ya daɗe, mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin dalili, sai ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, ko da yake har gobe ana ɗiga wa yara maganin. Na ƙarshe kurkunu, na 1991. Ƙidayar da aka yi a 1988 ta samu sama da mutum 650,000 da ita a Nijeriya. Janar Gowon da Jimmy Carter sun taka ƙauyuka a kanta, aka koya wa mutane tace ruwan tafki, a 2013 aka ba ƙasar takardar shaida.

Na zazzaɓin cizon sauro ba ya cikin wannan firem, shi kaɗai nake ɗaura shi. Ya girme su duka, 1962 aka buga shi, guda huɗu, shekarar da ƙasashe da yawa suka fitar da nasu a tare. Ga sauro, ga mai feshi, har da jirgin sama yana feshi. An rubuta za a kawar da shi. Wata Hajiya, nas ce, ta daɗe tana kallonsa ta ce, "Malam, wannan ai ba tarihi ba ne, jiya ma da shi na kwana a wajen aiki." Ta saya ta kai ofishinta.

To duk wannan wahala, sai ka tarar da yara a gosulo suna yawo da firem mai walƙiya, wai kan sarkin 'yancin kai. Hoto ne aka ɗauko a intanet aka buga a injin kala, aka bi gefen da keken ɗinki don ya yi huji. Kama da wane ba ta wane. Wani bawan Allah ya kawo mini irinsa da murnarsa, ya ce in canza masa gilashi. An rubuta 1960 ɓaro-ɓaro a sama, kuɗin da ke jikin kan sarkin kuwa na sabon kwabo ne mai harafin k, wanda bai zo ba sai bayan shekara 13. Na ce, "Yallaɓai, gilashin ne kawai na gaske a nan." Sa gilashin ƙara girma a kan na jabu, za ka ga ɗigo-ɗigon tawada a warwatse, ƙananan rubutu sun cakuɗe. Na gaske kuwa ƙananan rubutunsa tsaf ake karanta su, a na baya-bayan nan har da sunan kamfanin buga kuɗi na ƙasa da aka kafa a Legas a 1963, wanda ke can ƙasa. Hujinsa a zagaye yake, tsakaninsu daidai. Waɗanda suka fi ƙona mini rai ma ba masu jabun ba ne, masu samun na gaske ne su manna shi da sufa gulu a kwali, ko su gasa shi a cikin leda wai suna adana shi. Jabu ko an ƙona ba a yi asara ba. Wannan kuwa sun kashe abin da ba za a sake bugawa ba.

Masu kawo mana kaya su ma sai haƙuri. Yawanci 'yan jari-bola ne, in ana rushe tsohon gida a Ebute Metta ko cikin Eko su suke fara isa. Na gaya musu har bakina ya gaji, ku kawo ambulan yadda kuka same shi. Ina! Sai mutum ya zauna ya ɓalle su ɗaya-ɗaya ya zuba a ledar burodi, yana ganin ya sauƙaƙa mini. Kan sarki da ambulansa kamar goro ne da ganyensa, ka raba su ka rage masa kwana da daraja. Hatimin da ke kai shi ke faɗin gari da rana. Akwai na Zungeru, akwai na Ƙaura Namoda, akwai ma wanda aka buga a cikin jirgin ƙasa yana tafiya, don a da akwai taragon gidan waya da ake ware wasiƙu a ciki. Ambulan da aka buga wa hatimi a ranar da kan sarkin ya fito, irin na Murtala na 1977 ko na bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, masu tarawa daga waje nemansa suke ido rufe.

Muna haɗa firem na shekarar haihuwa, na ritaya, na makaranta, da na ofis. Wanda aka haifa a 1969 zai samu madatsar ruwan Kainji, na 1972 zai samu na komawa tuƙi hannun dama. Mai son na 'yancin kai ya yi magana tun watan Agusta, don Satumba ba ma ɗaga kai, kuma ba na yarda a yi aikin firem da gaggawa. Wanda kuma yake da adakar mahaifi ko ta kaka cike da wasiƙu, kada ya ɓalle komai, kada ya sa dutsen guga wai zai miƙar. Ya kawo yadda take, mu buɗe tare a gabansa, wasiƙun ya koma da abinsa in yana so. Ran Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci muke buɗewa.