Yadda na haɗa 'yar tirela dan kwaso shanshera daga fadama

Gonarmu ta shinkafa tana cikin fadamar Auyo, daga inda kwalta ta ƙare zuwa bakin gona na taɓa aunawa da mitar mota kilomita 9 ne da ɗan ɗoriya, amma fa hanyar kala uku ce. Farko burji ne duk ya farfashe, sai ka faɗa wani rairayi mai laushi wanda ko ɗan acaɓa sai ya sauke ƙafa yana dogarawa, daga nan kuma sai baƙar lakar fadama, in ta bushe kaman dutse in ta sha ruwa kaman sabulu. Ga kuma wani kwari a tsakiya da ambaliyar 2022 ta yanka mana, sai dai ka gangara ka haura.

Da amalanke muke kwaso kaya, toh matsalar itace lokacin yankan shinkafar rani kowa amalanken yake nema rana ɗaya, masu a-kori-kura kuma in kace musu cikin fadama ne sai suce Allah ya ba da sa'a. Akwai shekarar da buhunanmu suka kwana uku a gona muna jiran layi, ruwan farko ya sauka a kansu da daddare, wallahi da muka kwance bakin wasu buhunan har sun ɗau zafi sun fara tsiro. Abin ya daɗe yana cina. Da muka sai da riɗi muka haɗa da kuɗin bijimai biyu sai nace mota zan saya, kuma wadda zata ja tirela a bayanta dan sawu ɗaya ya zama kaman biyu.

Kano muka shiga ni da Kawu ƙanin mahaifiyata, tsohon direba ne ya daɗe yana bin hanyoyin daji. Ni hankalina yana kan wata jif mai sheƙi, nace Kawu kaga wannan injinta babba ne zata ja komai. Yace ɗana durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta tukunna, ka gaya min in kaga shasi. Na leƙa, ba wasu dogayen ƙarafa biyu da suka tashi daga gaba zuwa baya, bodin ne kawai ke riƙe da kansa. Yace to a ina zaka ɗaura tirelar, a jikin gwangwani? Hijet ma, 'yar ƙaramar motar kayan nan, na ɗan yi sha'awarta saboda bata shan mai, amma injinta 660cc ne, kayan da aka rubuta mata kilo 350 ne duk da mu nan muna zuba mata fin haka, in ka ƙara mata tirela ka gama da ita. Fijo 504 a-kori-kura kuwa ƙarfe ce ta gaske, sai dai ƙafar baya kawai ke ja, a rairayinmu zata tona rami ne ta zauna.

Ƙarshe tsohuwar Hilux muka ɗauka mai fowil wato mai ja da tayoyi huɗu, giyar hannu, injin 3L mai shan gas, lita 2.8 ba turbo ba kwamfuta. Gudu bata da shi, amma injin gas tun yana ƙasa-ƙasa yake ba da ƙarfi ba sai ka take totur yana ihu ba, kuma duk bakaniken da ke Haɗeja ya san cikinsa. Kawu bai kalli fenti ba sam. Ƙaramar sandar giyar nan ya kama ya sata a L4, giyar ƙarfi da tayoyi huɗu ke ja a hankali, ya tabbatar tana shiga tana fita, ya juya makullin hob wato cibiyar tayoyin gaba, ya ɗauki guduma yana ƙwanƙwasa shasi daga baya wajen da sipirin ya kama ko akwai tsatsa ko tsohuwar walda, ya buɗe lagireto ya duba kalar ruwan. Yace motar da zata ja kaya abu uku ke fara mutuwa, kuloci da birki da lagireto.

A wajen tirelar ne nayi kuskure, kuma gaggawa ce ta jawo. Na kai aikin wajen wani yaro mai walda da ya saba yin ƙofa da taga, muka sami aksil ɗin bayan Golf, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi biyu, a arha muka ɗora bodi a kai, aksil ɗin a tsakiyar bodi daidai, shi kuma ƙwallon da ake maƙala tirela muka liƙa shi da walda a jikin bamba. A ido tayi kyau, har fenti kore muka yi mata.

Ranar farko a kan kwalta ta nuna min halinta. Na ɗauko taki buhu 6 da injin ban-ruwa da duro cike da ruwa, yara suka loda yadda ya zo musu da sauƙi wato duron da injin suka zauna can baya. Ina kaiwa wajen 60 sai naji bayan mota yana lilo, na kalli madubi naga tirela tana zuwa dama tana dawowa hagu kuma kowane zuwa yafi na baya faɗi, ƙanena da ke gefe sai salati yake. Allah ne ya taimaka na tuna maganar Kawu cewa in tirela na lilo kada a danne birki, ban danne ba, na cire ƙafa daga totur na riƙe sitiyari a miƙe har ta lafa da kanta. Da muka tsaya na zare ta daga ƙwallon sai wuyanta ya ɗaga sama shi kaɗai, duk nauyin yana baya. Duro mai lita 200 ruwan cikinsa kaɗai kilo 200 ne, kusan duk yana bayan aksil.

A rairayi kuma wata sabuwar wahala. Faɗin aksil ɗin Golf bai zo daidai da na Hilux ba, dan haka tayoyin tirela basa bin sawun mota, sabon layi suke yankawa a cikin yashi da ƙananan tayoyinsu, kaji mota tana nishi kaman garma take ja. Sati biyu muna haka, ranar da abin ya ƙare a kwarin nan ne, da shanshera buhu 8 a tirela. Gaban mota ya fara haurawa tirela bata gama gangarowa ba, ƙwallon ya kai iyakar lanƙwasar da zai iya, sai ji mukayi ƙarau, bamba ta yage ta biyo tirela. Ba sarƙa ba komai. Ta koma baya ta kife a gindin kwari, buhu 3 suka fashe muka wuni muna tsince shanshera a cikin ƙasa. Abin da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa, minti kaɗan kafin nan na sauke wasu yara biyu da suka ɗafe bayanta.

Wannan karon wajen wani dattijo na kaita wanda ya daɗe yana gyaran tirelolin tarakta. Ya zagaya ta sau ɗaya yace ɗana wa ya gaya maka bamba tana jan kaya? Nace Baba rashin sani ne. Bai ƙara cewa komai ba ya ɗauko tef ya auna tsakanin tayoyin bayan Hilux ɗin ya rubuta da alli a ƙasa, yace daga nan zamu fara.

Na koma Kano kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo bututu mai kauri da hob guda biyu masu noti 6 irin na motar, da sipirin na a-kori-kura. Ya haɗa aksil faɗinsa daidai da na mota, muka sa rim da taya iri ɗaya da nata, kaga safaya ɗaya ta ishi duka kuma cikin tirela ya tashi daga ƙasa sosai. Aksil ɗin ya ja shi baya yadda kusan kashi 60 na bodin yana gabansa. Wuyan ya ƙara masa tsawo dan in na karya kwana sosai kada bodin ya daki bayan mota, kuma ribas ma yafi sauƙi da dogon wuya. Maimakon ƙwallo ya sa ƙugiya da zobe irin na tarakta da motocin soja, tana da ƙara ƙwal-ƙwal a hanya amma duk yadda kwari ya karkata tana bi. Wajen ɗaurawar kuma ƙarfe mai kauri ya gitta tsakanin ƙafafun shasi biyu, bai yi walda a jikin shasin ba, kusoshi ya sa masu lamba 8.8 a kansu, yace walda in ba'a iya ba ita ke sa shasi ya tsage daga baya. Sai sarƙa biyu da ake gittawa a ƙarƙashin wuyan, ko ƙugiya ta saki wuyan zai faɗa a kansu ne ba zai caki ƙasa ba. Fitilun birki da sigina da jar leda mai ƙyalli ni na kai wa mai wayarin ya sa.

Na ɗorata a sikelin mota na wani injin casar shinkafa, wayam ɗinta kilo 380. Wannan lambar ta gyara min lissafi sosai, saboda tirelata bata da birkin kanta, birkin mota ne ke tsayar da su duka biyun, kuma a ƙasashen Turai tirelar da bata da birki ba'a yarda ta wuce kilo 750 ba har da nauyin jikinta. Kaga in zan hau kwalta taki buhu 7 kenan masu kilo 50. A cikin daji da nake tafiya kaman mai tafiyar ƙasa nakan kai buhu 8 na shanshera, amma sai na fara loda motar tukunna, dan bana so abin da ke baya ya fi ƙarfin abin da ke gaba ya riƙa tunkuɗa ni a gangara. Nauyin da ke sauka a kan ƙugiya kuma wajen kashi 10 na nauyin tirelar ake so, na aro sikelin masu sayen shanshera na sa a ƙarƙashin wuyan muka riƙa matsar da buhunan shanshera har ya nuna kusan kilo 100, sai na ja layi da fenti a cikin bodin, yanzu yara sun san daga inda ake fara jerawa.

Shiga rairayi yanzu ya zama min al'ada. Ina tsayawa tun a kan burji in kulle hob in sa L4, ba sai na kafe ba, in rage iskar taya zuwa 20 har da na tirelar, da yawa suna mance ta alhali ita ma nutsewa take. Giya ta biyu, totur ɗaya ba ƙari ba ragi, ƙafa kuma nesa da kuloci, in kaji wannan warin ƙaurin to kuɗinka ne ke ƙonewa. In ta tsaya bana sa gardama, sauka nake mu zare tirela mu fitar da mota zuwa ƙasa mai ƙarfi sannan mu jawo tirelar da doguwar kaca, shiyasa shebur da katako biyu da jak basa barin motar. Kafin in hau kwalta in mayar da iska da ɗan famfon da ke aiki da batir in cire fowil, dan irin wannan fowil ɗin in ka barshi a kan kwalta giyabos yake ci.

Laka dai ina jin tsoronta fiye da yashi. In anyi ruwa sai na shiga da ƙafa da sanda na auna, in ta wuce rabin ƙwaurina ranar amalanke ce, ba kunya. Kuma duk ranar da tirela ta ratsa ruwa sai na buɗe hob na duba giris, boris mai zafi in ya shiga ruwan sanyi zuƙo ruwan yake, na taɓa buɗewa na tarar giris ya koma fari kaman kindirmo. Duk tsayuwa ina ɗora hannu a kan hob, in ya fi ƙarfin tafin hannu to akwai magana.

Maganar yara kuwa na sami iyayensu ɗaya bayan ɗaya, har liman na roƙa ya faɗa bayan sallah, ba mai hawa tirelar nan ko ɗan wa ye, wasu sun ji haushi sunce na yi mota na canza. Yanzu abin da ya rage birki ne, Baba yace in na samo masa wuyan tirela na gwanjo irin wanda ke danna birki da kansa in mota ta rage gudu zai haɗa min, na sa wani a Ƙofar Ruwa yana duba min kafin yankan rani mai zuwa.