Ƙurajen leɓe da muke cewa zazzaɓi ne ke fita

Ranar sunan nan da aka yi a gidanmu na ga ɗiyar yayata ta shigo ɗakin mai jego, leɓenta na ƙasa da ƙuraje masu ruwa ta lafta jan baki a kai, ta karɓi jariri ta kai baki za ta sumbace shi. Wallahi ban san lokacin da na fisge yaron ba. Ta yi ta fushi wai Anti ta yarfa ta gaban ƙawaye.

To ni na yi abin da ya fi wannan. Tun ina budurwa suke fito min, da na yi zazzaɓin cizon sauro ko iskar hunturu ta busar min da baki sai in ji leɓe yana ƙaiƙayi yana zafi-zafi, kafin gari ya waye sun tashi. In fasa su da allura, in shafa makilin, in buɗe kafso ja da yalo in barbaɗa garin, wani lokacin har man bilicin na taɓa sawa don tabon ya ɓace, wurin ya ƙara faɗi ya kai har gefen hanci. Da na haihu kuma ban fasa komai ba, cokalina shi ne na ɗana, in ɗanɗana kunu in ba shi, in sumbace shi da ƙurajen a bakina. Yana da shekara biyu bakinsa ya cika da gyambo har dasashi, jiki zafi rau, ko ruwa ya ƙi sha sai da aka ƙara masa a asibiti. Likita ta kalli bakina ta tambaye ni tun yaushe nake da wannan. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Amma fa wa ya gaya mana? Iyayenmu cewa suke ciwo ne ke fita, har murna ake. A ranar asibitin nan na fara jin cewa ƙwayar bairos ce, HSV-1, in ta shiga ta zauna kenan a jijiya, zazzaɓi ko rana ko gajiya ko al'ada su tayar da ita, kuma kafso ba ya taɓa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan biyu cikin uku na 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita. Duk da haka dai ina da ido, na ga ƙanwata ta kamu bayan mun yi ta amfani da jan baki ɗaya, ban yi tunani ba.

Ku kuwa 'yan matan yanzu waya na hannunku dare da rana, sai hoto da TikTok, abin da zai amfane ku ba ku dubawa. Na so in jero muku abubuwa da yawa, ga kaɗan. Da kin ji ƙaiƙayin nan ki nemi man acyclovir a kemis, ki riƙa shafawa sau biyar a rana, in kin bari ya yi ɓawo kin makara. Kar ki fasa, kar ki ɓare, cikin kwana 10 zuwa sati biyu zai warke da kansa. In kin taɓa ki wanke hannu, kar ya kai ido. Ba abin kunya ba ne, ki fita harkarki. Amma gidan suna kam ni dai na ce ki zauna gida, don jariri sabon haihuwa wannan ƙwayar tana iya kashe shi, kuma na san halinku, in kun je sai kun ɗauka kun yi hoto da shi.