Wijet a fuskar waya: jerin ayyuka da agogon aiki da ba sai an buɗe manhaja ba

Yawancin manhajojin tsara ayyuka ba sa mutuwa a waya saboda rashin kyau. Mantuwa ce ke kashe su. Mutum zai sauke manhaja, ya zuba ayyukan mako guda, bayan kwana uku ta nutse a shafi na huɗu tsakanin sauran gumaka, wato ƙananan tambarin manhajoji, shi ke nan. Maganin wannan shi ne wijet, wato ɗan allon da manhaja ke kafawa a fuskar waya, yana nuna abin da ke cikinta ba sai an shiga ba. Android na da shi tun 2009, iPhone kuwa sai a 2020 da fitowar iOS 14, kuma sai a iOS 17 na 2023 aka samu damar taɓa wijet ɗin a yi wa aiki alamar kammalawa daga waje.

Kafa shi ba wuya. A Android, ka ɗora yatsa a wurin da babu komai a fuskar wayar ka riƙe, ka zaɓi Widgets, ka nemo manhajar, ka jawo wanda kake so ka ajiye. Za ka ga lambobi irin su 2x2 ko 4x2, yawan gurbin gumakan da zai cinye ke nan, a kwance da kuma a tsaye. A iPhone ka riƙe har gumaka su fara rawa, sannan ka danna alamar tarawa a sama, ko Edit idan iOS 18 ce ko wadda ta biyo bayanta. In ba ka ga manhajar a jerin ba, buɗe ta sau ɗaya ka shiga asusunka tukuna.

Wijet biyu sun isa, kuma su zauna a shafin farko. Na ɗaya jerin ayyuka, daga Google Tasks, Microsoft To Do, Todoist ko TickTick. Ka ba shi faɗin allo gaba ɗaya, tsayin layi biyu ko uku na gumaka, ka saita shi ya nuna ayyukan yau kaɗai. Wannan saitin ya fi zaɓin manhajar muhimmanci. Jerin da ke nuna abu arba'in ido na saba masa kamar hoton bango, amma abu biyar da za a iya gamawa kafin Magariba suna tsikarar mutum duk sa'ad da ya ɗauki waya. A rubuta kowane aiki da abin da hannu zai yi: "tura wa mai shago lissafin kaya" ya fi "harkar shago" amfani nesa ba kusa ba.

Na biyu agogon aiki, wato mai ƙirga lokacin da aka ɗauka ana aiki, irin na Toggl Track ko Clockify, ga wanda ake biya gwargwadon awannin da ya yi ko mai son sanin inda wuninsa ke tafiya. Ƙarami ya wadatar, maɓallin farawa da tsayawa ake bukata. Ka ajiye shi a ƙasan allo, inda babban yatsa ke kaiwa. Ka tsara sunayen ayyukan tun farko a cikin manhajar, kada su wuce huɗu ko biyar, domin idan fara ƙirga lokaci na bukatar rubutu, ba za a dinga yi ba.

Inda ake shan wahala shi ne wijet ya daskare. Ka gama aiki a kwamfuta amma wayar na nan tana nuna shi, ko agogo ya tsaya a minti goma sha biyu alhali an yi awa guda. Dalilin yana cikin ginin wayar. Wijet ba manhaja ce mai gudana ba, kamar hoto ne da manhajar ke sabuntawa lokaci zuwa lokaci. A Android, sabuntawar da tsarin ke yi da kansa ba ta zuwa fiye da sau ɗaya a minti 30, iPhone ma tana ƙayyade adadin da kowane wijet zai samu a wuni don tattalin batir. Abin kwantar da hankali shi ne agogon aiki mai kyau lokacin da aka danna farawa yake adanawa, sai ya yi lissafi daga nan. Ko lambar da ke fuska ta tsaya, awanninka ba su ɓace ba, buɗe manhajar za ka ga daidai.

Idan daskarewar ta zama kullum, mai tattalin batir ne ke kashe manhajar a bayan fage. Masu Tecno da Infinix na gamuwa da wannan, balle da yake rashin wutar lantarki na sa mutane barin yanayin tattalin batir a kunne dare da rana. A Android, shiga saitunan waya, ka nemo manhajar a Apps, ka shiga Battery ka zaɓi Unrestricted. A Tecno da Infinix ka ƙara da ba ta izinin tashi da kanta a cikin Phone Master, a Samsung kuma ka cire ta daga jerin manhajojin da aka sa barci. Sai ka duba Data Saver, domin idan yana kunne yana hana manhaja shan data a ɓoye, ayyukan da ka shigar daga wata na'ura ba za su iso ba sai ka keɓe ta. Kuma a daina share ta da maɓallin tsabtace waya kowane minti goma.

Akwai wijet da ke ɓacewa ɗungurungum bayan an kashe waya an kunna. Galibi an mayar da manhajar kan memori ne, kuma wayar na shimfiɗa fuskarta kafin ta gama karanta katin. Dawo da ita cikin ma'ajiyar wayar, ka sake kafa wijet ɗin. Wasu ƙananan wayoyi masu Android Go kuwa ba su zo da wijet ba sam, a nan sai dai a dogara da sanarwar da agogon ke ajiyewa a saman allo, wadda ita ma tana da maɓallin tsayarwa.

Kuskuren da ya rage na ɗan Adam ne: mantawa da agogo yana gudu har washegari. Kada a goge shigarwar, a buɗe ta a gyara lokacin tsayawa da hannu a ranar, tun ana tuna sa'ar da aka tashi daga aikin. Wanda kuma ke miƙa wayarsa ga mutane a shago ko a gida ya tuna duk abin da ke kan wijet a fili yake, don haka sunan abokin ciniki da kuɗin da ake binsa su zauna a cikin bayanin aikin, ba a kan takensa ba.