Maikuroskof mai gilashi ɗaya: na Leeuwenhoek, na Wilson da na Ellis

Ƙa'idar maikuroskof (na'urar ganin ƙananan abubuwa) mai gilashi ɗaya ba ta canzawa: gwargwadon ƙanƙantar ƙwayar gilashin, gwargwadon ƙarfinta. Ƙwayar da ke tattara haske a tazarar milimita 1 tana ninka girman abu kusan sau 250, sai dai dole abin ya kusa taɓa ta, hasken da ke shiga kuma kaɗan ne. Shi ya sa, a ganina, gwanintar maƙeran dā ta fi fitowa a yadda suka riƙe samfur, suka saita shi, suka haska shi.

Na Leeuwenhoek, mutumin Delft a Holan, faranti biyu ne na tagulla ko azurfa, tsawonsu kamar santimita 5, an haɗe su da ribiti, ƙwayar na maƙale a ƴar huda tsakaninsu. Samfur yana kan tsinke. Dogon sukuru ke ɗaga shi ko sauke shi, gajere kuma ya matso da shi ko ya nisanta shi har hoto ya fito tar. Wani nasa da ke ajiye a birnin Utrecht na Holan yana ninka abu fiye da sau 250. Amma aiki da shi akwai wuya: sai ka manna ido har gashin ido na gogar farantin, ka fuskanci taga ko kyandir, hannu ya ɗan motsa hasken ya kauce. Sauya samfur ma jidali ne, don haka Leeuwenhoek yakan manne shi ya bar shi, ya ƙera wata na'urar.

Wannan matsalar James Wilson ya magance a Landan a 1702, bisa tsarin Hartsoeker, wani masani ɗan Holan. Na'urarsa bututu ne mai zare irin na sukuru, ana zura masa ƴar sandar hauren giwa mai hudoji, kowace huda da samfur tsakanin ɓawon maika (ma'adini mai ɓarewa falle-falle, haske na ratsa shi) biyu. Sifirin na danne sandar, murɗa bututun kuma shi ne saiti. In sifirin ya yi sanyi, sandar ta riƙa zamewa, saiti ya ɓace. Abin da haske ba ya ratsawa kuwa baƙi ƙirin yake fitowa, sai an sauya masa mariƙi.

Na fi yaba wanda John Cuff, maƙeri a Landan, ya ƙera wa John Ellis, mai nazarin halittun ruwa, wajen 1752. Ana ɗaure sandarsa a murfin akwatinsa, madubi a ƙasa yana cillo haske sama, hannun da ke ɗauke da ƙwayar kuma yana lilo bisa ɗan kaskon gilashi mai ruwa, ka bi halitta tana iyo ba tare da ka girgiza ta ba. Ba a cika sa masa ƙwaya mai ƙarfi sosai ba, domin ruwan na buƙatar tazara, amma hannuwanka biyu a sake suke don feɗe samfur da allura.