Inda muka kwana a surfanin dagi da aska

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon ɗinkin hannu. Aikin gwajin da muka ɗauko a nan Katsina, wato gaban babbar riga a kan farar shadda, ya kai inda za a yi magana a kansa. Dagi ya kammala, aska (adon nan dogo mai tsini) tana rabi, tambari (adon da'ira) kuwa zane kawai aka yi.

Dagi ne ya fi cin lokaci, kuma ba allura ce ta ci lokacin ba, zane ne. Dagin da aka fi sani abu uku aka sarƙa: zobe biyu dogaye da suka gitta juna, da murabba'i ɗaya da ya ratsa su. Zoben biyu sun haɗu a wuri 4, murabba'in ya ratsa su a wuri 8, mahaɗa 12 ke nan. Ƙa'idar guda ce: layin da ya hau a wannan mahaɗa, a ta gaba dole ya shige ƙarƙashi. A ɗora yatsa a kan kowane layi a bi shi har ya dawo inda ya taso. In aka samu ya hau sau biyu a jere, to an ɓata, kuma gyara ɗaya ba zai isa ba, sai an sake bin sauran duka. Wannan ba ƙawa ba ce kawai. Abin da mutane ke karantawa a jikin dagi shi ne haɗin kai, kowane layi yana riƙe da ɗan'uwansa, babu wanda ya danne saura. Don haka ne ya dace da taken Arewa ɗaya, al'umma ɗaya a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina kuma ya zama Firimiyan Arewa a 1954. Amma dagi ya girmi siyasa, magina da dukawa da maɗinka sun daɗe suna yin sa. Wanda ya jera zobe a kan zobe ba sarƙewa, siffar ya zana, ma'anar ta tsere masa.

Ga ma'aunin da ya zauna daidai. Faɗin dagin inci 4, kaurin kowane layi rubu'in inci. Ƙasa da haka mahaɗan sukan cunkushe, ba a gane na sama da na ƙasa. A yi zanen da tawadar allo ta gawayi da ƙaro, wadda ruwa ke wankewa. Yambar ba ta fita, biro kuma yakan naso cikin farin zare ranar wankin farko. A sa shafi a ƙarƙashi kafin a fara, a kama shi da dogon ɗinki, domin shadda ita kaɗai ba ta ɗaukar nauyin ciko.

Zare kada ya wuce kamu ɗaya a allura. In ya fi haka yakan yi gashi saboda yawan ratsa ƙyalle, sheƙinsa ya mutu kafin a kai ƙarshe. A fara da layin da zai shige ƙarƙashi, a tsaya dab da mahaɗa, sannan a zo da na sama ya rufe bakinsa. Masu fara na sama sukan ƙare da tsaga ɗinkin da suka riga suka yi. Tattarewar ƙyalle kuwa daga jan zare take. Ana ganin ta tun da wuri: a shimfiɗa aikin a kan gwiwa, in gefen dagin ya ɗaga kamar bakin faifai, hannu ya yi ƙarfi. Mabuga za su kwantar da kaɗan, ba za su kwantar da mai yawa ba.

Aska tana gefen aljihu, hagun mai riga. Yawanta ne ke ba rigar suna, aska biyu ko aska takwas, kuma da shi ake gane nauyin aiki da darajar mai sawa. Wahalarta a tsini take. A riƙa rage faɗin ciko a hankali tun daga sama, kada a bari sai an zo ƙasa a tsuke lokaci ɗaya, sai bakin ya fito a dakushe. Mai koyo ya tsaya a aska biyu tukuna. Biyu masu tsini sun fi takwas karkatattu.

Tambari na gefen dama da baya, kuma Bakatsine ba ya bukatar a gaya masa nauyin sunan. Gwauron tambari yana cikin kayan sarautar Katsina tare da takobin Gajere, a Daura ma tambura na fada ne. Shi ya sa muke ganin bai kamata a rage shi a manna a ko'ina don cike gurbi ba, wurinsa sananne ne. An zana da'irarsa da zare da fil a tsakiya, ba da bakin kofi ba, don a samu cibiya ta gaskiya. Daga cibiyar za a fara ɗinki a fito waje. Duk mai bin wannan aiki ya gama askarsa ta biyu, ya wanke ƙyallen da ruwan sanyi ya ga ko zarensa yana zuba, kafin ya taɓa tambari.