Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: "Allurar Nasara ce ta cinye maki kai"

Makon jiya mun tsaya a sunan Auta. To ina gama wankan jego ba da daɗewa ba kaina ya fara zuba. Ranar kitso, mai kitson sai ta riƙa dunƙule gashin tana cusawa ƙarƙashin tabarma don kada in gani. Hajiya kuwa, uwar Alhaji, maganarta ɗaya: "Allurar Nasara ce ta cinye maki kai." Ta faɗa gaban abokiyar zamana, ta sake faɗa a gidan biki a Tibiri, mata cike da tsakar gida. Alhali a lokacin ko allurar tazarar haihuwar ban soma ba.

Ungozoma ce ta fara kwantar mini da hankali. Ta ce lokacin ciki sinadarin estrojin yana hauhawa ya riƙe gashin da ya isa faɗuwa, in an haihu ya sauka, bayan wata 2 zuwa 4 sai gashin ya zubo gaba ɗaya, kuma galibi yana komawa kafin yaro ya shekara.

Nawa bai koma ba. Ga kasala, ga ƙiba, ina jin sanyi a tsakiyar zafin Afrilu na Maradi. Yaya ce ta ja ni asibiti aka ɗebi jini, gwajin TSH, wanda ke nuna yadda wata halitta da ke wuya take aiki. Ashe halittar nan ta wuya, inda maƙoƙo ke fitowa, ita ce ta yi sanyi, ga kuma ƙarancin jini. Aka ɗora ni kan levothyroxine, maganin da ke cike gurbin sinadarin da halittar ta gaza fitarwa, kullum da asuba tun kafin koko. A hankali tsakiyar kai ta cike. Goshi dai ya tafi, likita ta ce wannan aikin matsattsen kitso ne na shekaru.

Ko bara da al'ada ta ɗauke mini, zufa ta hana ni barci, na tambayi likita ko maganin hormon, mai mayar da sinadarin mata irin su estrojin, zai ƙara mini gashi. Ta ce shi na zafin jiki ne da zufar dare, yana iya jawo daskarewar jini, ba a sha don ado. Ina zaune gabanta maganar allurar Nasara ta faɗo mini.

Na kai wa Hajiya takardar gwajin har ɗakinta, ta ce ba ta karatun boko. Har ta koma ga Allah ba ta janye ba. Allah ya jiƙanta. Abin da Alhaji ya ce ranar, sai mako mai zuwa.